Wafil a Kaskon Gida: Abin da Yara Ke Saya a Bakin Makaranta, Uwargida Ma Za Ta Iya

Duk uwar da ke rainon 'ya'ya a Yawunde ko Duwala ta san wannan muryar ta safe. Maigida ya fita kasuwa tun gari bai gama wayewa ba, ana ta neman takalmi da jakar makaranta, sai autan ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo hannu: "Umma, kuɗin gofir." Ga kunu kin dama, ga ɗumamen tuwo a tukunya, amma shi hankalinsa yana kan wancan abu mai ramuka kamar saƙar zuma da ake ƙullawa a leda a kantin bakin titi. In kin hana, kuka. In kin bayar, gobe ma haka.

Mu yi lissafin a fili. A ce yara huɗu gare ki, kowanne kina ba shi dala ashirin, wato sefa 100, kullum. A kwana 20 na makaranta kin fitar da jika takwas ke nan, kuma ba ki san da wane mai aka yi abin ba, ba ki san kwanansa nawa a leda ba. Ga iyalin da suka baro gida don su tara abin komawa da shi, jika takwas a wata ba abin yasarwa ba ne.

Abin daɗin shi ne, macen da ta iya waina ta riga ta iya fiye da rabin aikin. Ƙulli ne da kasko mai zafi da ɗan mai, sai sanin lokacin ɗaukewa. Bambancin kawai, kaskon wafil yana da murfi, yana gasa sama da ƙasa lokaci guda.

Daga ina abin ya fito?

A ƙasashen da ake Faransanci, kamar Kamaru da Chadi da Nijar da Benin, gofir ake ce masa. A Ghana da Najeriya kuwa wafil. Sunayen biyu asalinsu ɗaya ne, wata tsohuwar kalma ce ta Turai mai nufin saƙar zuma, saboda zanen ramukan da kaskon yake bari a jikinsa. Tun ɗaruruwan shekaru mutanen Turai suke gasa ƙulli tsakanin faifan ƙarfe biyu masu dogon mariƙi a kan garwashi, ana sayarwa a bakin coci da ranakun bukukuwa.

Ƙasar da ta fi suna da shi ita ce Beljiyam. Eh, waccan Beljiyam ɗin da muke cewa "motar Beljiyam", saboda tsofaffin motocin da ake lodowa daga tashar jiragen ruwa ta Antwaf zuwa Kwatano. Suna da iri biyu da kowa ya sani. Na birnin Burasel mai kusurwa huɗu ne, ramukansa manya, ba shi da nauyi, yana ƙaras-ƙaras a baki, ana barbaɗa masa garin sukari a ci da zafinsa. Na birnin Liyaj kuma daga kwaɓi mai tauri ake yinsa kamar na burodi, da yis da bota mai yawa, a cusa masa sukari mai ƙwaya wanda yake narkewa a kasko ya zama kamar alewa a jikinsa. Shi ne ake riƙewa a hannu ana tafiya ana ci. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wadda Beljiyam ta mulka har 1960, ta gaji nata irin, ɗan busasshe mai daɗewa, dangin wanda muke gani a leda a kantunan Kamaru.

A Amurka, wani mutum mai suna Cornelius Swartwout ya yi rajistar kaskon wafil na ɗorawa a murhu ranar 24 ga Agusta, 1869, shi ya sa har yau suke kiran wannan rana ranar wafil. A 1964 kuma wani ɗan Beljiyam, Maurice Vermersch, ya kai irin na Burasel babban baje-kolin duniya da aka yi a Niyu Yok, ya sayar da shi da sunan ƙasarsu, abin ya karɓu. 'Yan kasuwarmu masu harkar takalma ma suna da rabonsu a labarin: Bill Bowerman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Nike, a kaskon wafil na matarsa ya gwada zanen ƙasan takalmin gudu, wanda ya fito kasuwa a 1974. Kaskon dai bai sake moruwa ba.

Kafin ki sayi kasko

A nan ne kuɗin mutane yake fara ƙonewa, nawa ma a nan ya ƙone. Kaskona na farko a shagon kayan gwanjo na saye shi, mai kyau, ko ƙwarzane babu. Na kawo gida na jona, ko minti biyu bai yi ba sai wari da hayaƙi. Da maigida ya dawo ya juya ƙasansa ya nuna mini rubutun da ban duba ba: bolt 120. Kayan Amurka ne. Ya ce, "Hajiya, da kin tambaye ni ai da kuɗinki na nan." Ban ce komai ba, don gaskiya ya faɗa.

To ki riƙe wannan. Wutar Kamaru da Nijar da Chadi da Ghana da Najeriya duk tsakanin bolt 220 ne zuwa 240. Ta Amurka da Kanada 110 zuwa 120 ce. Duk kaskon da za ki saya, sabo ko na hannu, juya ƙasansa ki karanta. In kin ga 220 ko 230 ko 240, Bismillah. In 110 ko 120 ne, ki ajiye musu kayansu komai arharsa. Sai kan filogi: Ghana da Najeriya mai baki uku irin na Ingila suke amfani da shi, ƙasashen Faransanci kuma mai zagayayyun baki biyu. Wannan ba matsala ba ce, mai gyaran lantarki zai canza miki shi.

Abu na biyu, ƙarfin wutar da yake ja. Yawancin na gida suna cin wat 700 zuwa sama da 1,000. Ƙaramin janaretan nan na kunna fitila da fanka ba zai ɗauka ba, ƙaramar sola ma haka. Kada kuma a jona shi a siririyar wayar ƙari, tana iya narkewa.

Saboda haka, in unguwarku wuta ba ta zama, ki nemi na ɗorawa a murhu: faifan ƙarfe biyu masu haɗi da dogon mariƙi. Yana aiki a rishon gas, yana aiki a gawayi, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma in aka kula da shi har jikoki. In na baƙin ƙarfe ne, kafin ki fara amfani da shi ki wanke, ki busar a wuta, ki shafe shi da mai ciki da waje, ki bar shi a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi hayaƙi, ki goge, ki maimaita sau biyu ko uku. Yadda dai ake horar da sabuwar tanda.

Wafil na safe: kayan haɗi

Wannan awon yana ba da kamar guda takwas, gwargwadon girman kaskonki. Kofin da ake nufi shi ne mai cin mililita 250.

Fulawa kofi 2, wato giram 250
Ƙwai 2
Madara kofi 1 da rabi, ki ajiye ɗan ƙari a gefe
Man gyaɗa ko narkakken bota rabin kofi bai cika ba, kamar cokali 6 babba
Sukari cokali 2 babba
Bekin foda cokali 1 babba
Gishiri rabin ƙaramin cokali
Banila ko garin gyaɗar ƙamshi kaɗan

Masu zama a ƙasashen Faransanci, bekin foda shi ne "lebur shimik" da ake sayarwa a ƙaramar takarda mai giram 11. Takarda ɗaya ta isa wannan awon. Ki kula kada a ba ki yis na burodi a madadinsa, don sunansu ya yi kama a shago. In madarar gari ce gare ki, ki dama ta da ruwan ɗumi kamar yadda ake damawa a sha. In kuma kina da soyayyen man shanu na gida, ki sa shi maimakon rabin man gyaɗan. Ƙamshin da zai tashi, maƙwabta sai sun leƙo.

Yadda ake haɗawa

Da farko uwargida ki tankaɗe fulawa a roba mai faɗi, ki zuba bekin foda da gishiri da sukari ki gauraya da kyau. A wani kwano daban ki fasa ƙwai ki kaɗa, ki zuba madara da mai da banila. In bota kika narkar, ki bari ya ɗan huce, kuma kada madarar ta yi sanyin firji, in ba haka ba botan zai daskare ya yi gudaje.

Sai ki juye mai ruwan a kan garin ki juya da maburgi ko cokali, sau goma zuwa goma sha biyar, ki tsaya. Ko kin ga 'yan gudaje ƙanana ki ƙyale su. Nan ne hannunmu yake yaudararmu, domin mun saba da bugun fanke da alkaki, inda ake son kwaɓi ya yi danƙo. Fulawar alkama in ta sha ruwa aka yi ta bugunta, danƙon nan yake tashi. A fanke alheri ne, a wafil kuwa shi ke sa ya fito kamar roba. Kaurin da ake so shi ne wanda zai zubo daga ludayi a hankali, ya ɗan fi ƙullin waina kauri. In ya yi tauri ki ƙara madara cokali-cokali.

Ki rufe ƙullin ya huta minti goma. A wannan lokacin ki ɗora kasko ya yi zafi sosai. Gwajin mai sauƙi ne: ɗiga ruwa, in ya yi tsalle ya ɓace nan take, kasko ya yi. Ki shafa mai sama da ƙasa da buroshi ko tsumma mai tsafta, ki tabbatar ya shiga lungunan. Ki zuba ƙulli a tsakiya, kada ki cika har baki, kashi biyu cikin uku ya isa, don zai kumbura ya bazu. Ki rufe.

Yanzu sai haƙuri. Tururi zai riƙa fita ta gefe. Muddin yana fita da ƙarfi, cikin bai nuna ba, in kika buɗe rabi zai bi murfi, rabi ya zauna a ƙasa. Idan tururin ya ragu sosai, yawanci bayan minti huɗu zuwa biyar, sai ki ɗaga a hankali. In ya ƙi sakin murfin, ki ƙara masa minti ɗaya. Mai kaskon murhu kuma, da zarar kin rufe ki juya shi don ƙullin ya cika ramukan sama, sannan ki ba kowane gefe minti biyu zuwa uku a matsakaiciyar wuta. A gawayi, ki bari harshen wutar ya mutu ya zama garwashi tukuna.

Ki cire da tsinken katako ko cokalin katako. Cokali mai yatsu na ƙarfe yana kankare baƙin shafen da ke hana kamawa, in ya tafi kuma ya tafi ke nan. Kada ki damu in na farko bai yi kyau ba, na gwajin wuta ne, na mai girki.

Wanda yake son ya fito ba nauyi irin na Burasel, sai ta raba farin ƙwai da gwaiduwa. Gwaiduwar ta shiga cikin madara, farin kuma a buga shi shi kaɗai a busasshen kwano har ya yi kumfa ya tsaya, sannan a zuba shi a ƙarshe a juya a hankali daga ƙasa zuwa sama. Ƙarin aikin minti biyar ne, ya fi dacewa da ranar da ba makaranta.

In ya ƙi yi, ga inda matsalar take

Kamawa a kasko: ko kaskon bai yi zafi ba, ko man cikin ƙullin ya yi kaɗan, ko kin buɗe da wuri. Mata da yawa suna rage mai don tattali, sai su yi asarar fulawa da ƙwai gaba ɗaya. Man nan shi ke sakin wafil daga ƙarfe, shi ne kuma ke sa bayansa ƙaras-ƙaras.

Ya fito lafiya amma kafin a zauna ya yi laushi: kin jibga su a kan juna ko kin rufe su a kula. Tururin na ƙasa ne ya jiƙa na sama. Ki jera su ɗaya-ɗaya a kan raga ko faifai, iska tana shiga ta ƙasa.

Waje ya ƙone, ciki ɗanye: wuta ta yi yawa, ko sukarin ya wuce awo. Sukari yana saurin ƙonewa. Gara ki bar shi cokali biyu, mai son zaƙi ya ƙara a faranti.

Ya ƙi tashi, ya yi nauyi: bekin foda ya mutu. Damina da zafin Duwala ko Akra suna kashe shi da wuri in ba a rufe gwangwanin da kyau ba. Ki zuba rabin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa ba ki zubar da shi ki sayi sabo.

Yana ɗaci ko ɗanɗanon sabulu: bekin foda ya yi yawa ko bai gauraya da garin ba.

Ga masu fita da asuba

Gidan ɗan kasuwa ba ya jiran hantsi. Dabarar ita ce a raba aikin biyu. Da dare ki haɗa garin duka, fulawa da bekin foda da sukari da gishiri har da madarar gari, ki rufe a roba. Da safe ruwa da ƙwai da mai kawai za ki zuba. Kafin ruwan shayi ya tafasa kin sauke na farko. Wasu ma suna haɗa garin mako guda su raba shi leda-leda.

Akwai kuma na yis mai kwana, wanda ya fi ƙamshi da ɗan tsami-tsami kamar waina. In kina da firji mai aiki, ki haɗa komai da dare, ki sa yis ƙaramin cokali ɗaya a madadin bekin foda, ki bar shi rabin awa a waje, sannan ki saka a firji cikin roba mai girma don zai ninka. In babu firji, kada ki kuskura ki bar ƙwai da madara su kwana a ƙulli cikin zafin nan namu. Ciwon ciki ne kike haɗa wa yara. Abin da za ki yi, ki kwaɓa fulawar da ruwa kofi ɗaya da yis ɗan kaɗan, kwatan ƙaramin cokali, ki rufe. Da safe ki zuba ƙwai da madarar gari da mai da sukari da gishiri, ki daidaita kaurin da ruwa, ki gasa.

Mai firiza kuma tana iya gasa da yawa ranar hutu. Su huce sarai, a jera a leda a daskarar. Da safe a mayar da su kaskon wafil ko busasshen kasko minti biyu, su dawo kamar yanzu aka yi.

Gero da kindirmo ma suna da wuri

Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 kowa ya ji a jikinsa yadda farashin fulawa yake rawa, domin alkamar da ake niƙawa a ƙasashen nan akasari daga waje take zuwa. Za ki iya cire kashi ɗaya cikin uku na fulawar ki maye da garin gero ko na dawa ko na masara mai laushi. Waɗannan ba su da danƙon alkama, don haka wafil ɗin yana ƙara yin ƙaras, ga ɗanɗanon gida. Amma in suka wuce rabi zai riƙa farfashewa wajen cirewa. Ki ba wannan ƙullin minti ashirin ya huta don garin ya sha ruwa.

Kindirmo ko nono mai kyau yana maye gurbin madara. Tsaminsa yana sa cikin ya yi taushi. In za ki yi da shi, ki rage bekin foda zuwa ƙaramin cokali biyu, ki ƙara bekin soda rabin ƙaramin cokali, ki sassauta kindirmon da ɗan ruwa.

Da me za a ci?

A nan ne ake gane ko karin kumallo ne ko kayan zaƙi. Wafil da sukari da shayi mai zaƙi, kafin ƙarfe goma yaro ya fara hamma a aji, yunwa ta dawo. Ki haɗa masa da abin da zai riƙe ciki: soyayyen ƙwai da albasa da tumatir, ko kifin gwangwani, ko piya da ɗan gishiri, ko tunkuza mai laushi a shafa a kai. Mutanen Kamaru sun saba da fanke da wake da kunu da safe. Ki cire fanken ki sa wafil, waken ya zauna daram a cikin ramukan. 'Yan Zangon Kumasi da Nima kuma, ga kokonku mai yaji, a gwada shi a gefen ƙosai.

Masu son zaƙi, zuma kaɗan da yankakkiyar ayaba ko mangwaro sun fi duk wani ruwan sukari na kwalba. Sai dai a tuna ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma. In kuma akwai mai ciwon sukari a gidan, Baba ko Inna, a yi musu nasu da garin gero, ba sukari, guda ɗaya da ƙwai, kuma a bi abin da likita ya tsara musu.

Ana ma iya cire sukarin gaba ɗaya a yanka albasa da attaruhu da ganyen albasa ƙanana a cikin ƙullin. Irin wannan ne ya shawo kan maigidana, wanda da farko ya ce shi ba ya cin abincin yara. Yanzu shi ke cewa, "A ɗan ƙulla mini biyu in tafi da su shago."

In kina son ya zama sana'a

Wafil na safe ba ya kwana, don haka ba shi ake sayarwa a leda ba. Na sayarwa busasshe ne, ruwansa kaɗan, mai da sukarinsa da yawa, shi ya sa yake daɗewa. Awonsa: fulawa giram 500, sukari giram 250, bota na gwangwani giram 250, ƙwai 5, bekin foda takarda ɗaya, gishiri kaɗan, gyaɗar ƙamshi, da madara kamar rabin kofi. Ki buga bota da sukari har su yi fari, ki sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan garin, sannan madara kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin da za a ɗiba da cokali ya tsaya. Cokali ɗaya a tsakiyar kowane gida na kasko, wuta ƙasa-ƙasa don sukarin kada ya ƙone. In kina yin ƙanana za ki samu wajen guda 40.

Sharaɗi babba: sai sun huce sarai kafin su shiga leda. In da sauran ɗumi, gumi zai taru a ciki, kwana biyu sai fumfuna. Ki fara da kaɗan, abin da zai ƙare cikin kwana uku ko huɗu, musamman a garuruwan bakin teku masu laima.

Kafin ki yanke farashi ki zauna da biro. Ki rubuta kuɗin fulawa da ƙwai da bota da sukari, ki haɗa da gas ko gawayi ko wuta, da leda, da kuɗin mota zuwa kasuwa. Mu ƙaddara duka sun kama jika uku, kin samu guda 40. Kowanne ya tsaya miki sefa 75 ke nan, ba a sa wahalarki ba, ba a sa wanda ya ƙone da wanda yara suka ɗauka ba. In farashin unguwa bai wuce haka da abin kirki ba, sai ki rage girma ko ki sari kaya da yawa don su sauko. In lissafin ya ƙi, ki bar shi a na gida. Matar ɗan kasuwa bai kamata ta yi sana'ar da uwar kuɗi ke narkewa ba ta sani ba. In kuma za ki kai kantuna da yawa da suna a jikin leda, ki tambayi ƙa'idar hukumar kula da abinci ta ƙasar da kike zaune, domin baƙo ya fi kowa buƙatar takardunsa su zama daidai.

Mai son gwada irin na Liyaj don baƙi ko ranar Sallah, sukarin nan mai ƙwaya yana wuyar samu a nan, amma sukari mai ƙyallo na kwali yana maye gurbinsa. Ki sa shi a tsumma ki ɗan daddaka ya zama kamar ƙwayar masara, ki cusa a kwaɓin yis bayan ya tashi. Ki yi hattara, narkakken sukari yana ƙuna fiye da mai, kada yara su matso.

Wanke kasko

Na lantarki ba ya shiga ruwa. Ki zare filogi, ki bari ya rage ɗumi kaɗan, ki goge da jiƙaƙƙen tsumma. In sukari ya daskare a lungu, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ciki ki rufe minti biyar, zai saki. Na baƙin ƙarfe kuma a goge, a busar a wuta, a shafa mai kaɗan kafin a ajiye, don tsatsa.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ta yi shekaru tana suyar waina a unguwa, ta tsaya tana kallona ranar da na fara samun sa'a. Ta karɓi ɗaya ta juya shi, ta gutsura, ta ce, "'Yar nan, ai wannan waina ce ta je makarantar boko." Muka yi dariya. Washegari ta aiko jikarta da kwano, da saƙon a sa mata gero a nata. Yaran gidanmu kuwa har yanzu suna tsayawa a bakin ƙofa da safe, sai dai yanzu abin da suke cewa shi ne a ƙara musu ɗaya na abokinsu.

A ci daɗi lafiya.